An Sa Ummata a Littafi

"Ni wallahi littafin da nake karantawa ya ishe ni! Shafi arba'in, har yanzu jarumin bai buɗe baki ya ce yana sonta ba. Sai ɗaure fuska, sai taɓe baki, ya shiga mota ya fito daga mota!"

Nana Hauwa ce ke wannan mitar, tana durƙushe a gabana tana kama min bakin rigar kamu da fil. Duk ranar Asabar bayan azahar haka shagon ɗinkinta na Yakasai yake cika. Mukan kai mu goma, 'yan mata da matan aure, karatun littattafan Hausa ne ya haɗa mu. Kowacce ta faɗi abin da take karantawa a satin, a yi musu, a yi dariya, a watse kafin magariba.

"Naki mai sauƙi ne," in ji Anti Rukayya, malamar firamare, ita ce babbarmu. "Ni tawa marubuciyar kashe min yarinyar da nake so ta yi, haka kawai babu dalili. Kwana biyu na yi ko maigidan ban sakar wa fuska ba."

Aka kwashe da dariya.

"Amarya fa? Sa'ida, me kike karantawa?"

"Ina na ga lokaci, Anti? Saura sati biyar fa."

'Yardada da ke kishingiɗe a kan tulin atamfofi ta miƙe zaune, ta zaro ido. "Kina nufin ko na ƙanwar angon naki ba ki fara ba? Zara ta saki sabo, kullum shafi ɗaya take turowa a waya. Gari ya ɗauka!"

Zara ƙanwar Abdulhakeem ce, wanda zan aura. Ta daɗe tana rubutu, kuma alƙalaminta da daɗi, ni kaina na sha kwana a kan littattafanta. Na yi murmushi na ce, "To ba ni a taƙaice."

"Labarin wata mata ce a cikin gari, matar baduku. Ta haifi namiji, ana gobe suna ya koma. Shi ke nan kanta ya taɓu. Sai ta naɗe tawul ta goya da zani, tana zagaya tsakar gida tana jijjigawa, tana masa waƙa..."

Na daina murmushi.

"...shi ne mijin da yayarsa suka mayar da ita ɗakin ƙarshe, suka ce wa duniya ciwon ƙafa ne ya hana ta fita. Tana da 'ya ɗaya mace, ita ke ba ta magani, a cikin kunu take ɓoye ƙwayar."

A cikin kunu. Maƙwabtanmu na Ƙofar Wambai sun san Ummata ba ta da lafiya, amma maganar goyon tawul da maganar kunu, mu uku ne muka sani a gidanmu: ni, da Baba, da Gwaggo. Na huɗu shi ne mutumin da na zauna a soro na gaya wa da bakina, ina kuka, don kada ya aure ni a kan rufa-rufa.

"Ni fa ban ji tausayinta ba ko kaɗan," 'Yardada ta ci gaba. "A shafin jiya aka tona. Ashe ita ta danne jaririn cikin barci! Wace irin uwa ce wannan? Sakarci ne kawai."

"Haba 'Yardada, ciwo ne fa kamar kowane ciwo," in ji Anti Rukayya.

"Ni 'yar nake ji wa," wata ta ce daga bayan keke. "Tsakani da Allah wa zai bar ɗansa ya auri 'yar mahaukaciya? Ai ana gadon abin nan."

"Ni kuwa mijin ne ya ba ni haushi, ya kulle ta kamar akuya..."

"Wai wurin da take wa tawul ɗin waƙa, ni dariya ma ya ba ni!"

"Ya isa!"

Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ga shagon ya yi tsit. Na fizge rigar daga hannun Nana Hauwa, fil ya karce ni a damtse, ban ko ji ba. Na zura hijabina.

"Sa'ida lafiya? Me aka yi miki?"

Ban amsa ba. Na fita.

A cikin adaidaita na buɗe wayata na nemo littafin Zara na karanta. Ta canja sunaye, ta canja unguwa, amma ga bishiyar gwandar tsakar gidanmu nan, ga labulen ɗakin Umma mai ruwan toka.

Ban taɓa taka gidansu Abdulhakeem na Ƙofar Na'isa ba, kunya ba ta bari. Ranar ko ɗigon kunyar ban ji ba. Na tarar da shi a ƙofar gida ya dawo daga sallar la'asar, carbi a hannunsa. Yana ganina ya washe baki.

"Ikon Allah! Sahibata da kanta? Yau wace rana..."

Na miƙa masa wayar. "Karanta."

Ya fara karantawa yana murmushi. Ina kallon murmushin yana gushewa.

"Sa'ida... mu shiga soro."

Muna shiga na juyo. "Wa ka gaya wa?"

"Ki tsaya ki ji ni..."

"Wa ka gaya wa, Hakeem?!"

Ya sunkuyar da kai. "Zara. Ita kaɗai, wallahi. Ina tsoron kada Hajiyarmu ta ji a bakin wani ta tayar da maganar auren. Zara ta iya lallaɓa ta, shi ne na ce ta taya ni..."

"Shi ne ka ba ta har da kunu? Har da waƙar? Hajiya na buƙatar sanin kalar labulen Ummata kafin ta yarda?"

"Abin ya yi min nauyi a zuciya ne, masoyiyata. Na rasa wanda zan..."

"Kada ka ƙara kira na da wannan sunan! Nauyi? Kai da ka ɗauka wata uku? Ni shekara goma sha biyu ina ɗauke da shi, tun ina 'yar goma, ko ƙawata ta kusa ban taɓa gaya wa ba. Ka rantse min fa, Hakeem. A soronmu ka ce daga kai sai Allah!"

Hayaniyar ce ta fito da Zara, ko ɗankwali ba ta gama ɗaurawa ba. Tana ganin fuskata ta tsaya cak.

"Anti Sa'ida..."

"Marubuciya! Sannu da aiki. Yanzun nan na baro mata goma suna yi wa uwata dariya."

"Wallahi ba haka na nufa ba! Na canja komai, babu wanda zai gane. So nake mutane su san wannan ciwon, su daina kyara, su ji tausayi..."

"Tausayi? Da kika ce ita ta danne ɗanta?"

Ta kawar da kai.

"Na ce da kika rubuta ta kashe ɗanta, tausayin ne? Wa ya gaya miki haka? Shi?"

"A'a, wallahi ban faɗa ba!" Abdulhakeem ya ce da sauri. Ya juya kanta, idonsa jawur. "Zara, me kika aikata haka?"

"Ya Hakeem, labarin ne ya yi sanyi... makaranta suka fara cewa babu wani tashin hankali a ciki... sai na ƙara."

Na yi dariya mai ciwo. "Labarin ya yi sanyi. Uwata ta binne ɗanta, ta rasa hankalinta, amma bai ishe su ba, sai da kika ƙara gishiri."

"Zan goge, Anti, yanzun nan zan goge..."

"Daga wayar wa? Mutum dubu nawa suka tura wa juna?"

Na juya zan fita, ya tare ƙofar. "Don girman Allah Sa'ida, kada ki tafi a haka. Na yi kuskure, ki yi min duk hukuncin da kika ga dama, amma kada ki ce kin fasa. Ba zan iya ba..."

"Matsa min."

"Sa'ida..."

"Ka matsa min na ce!"

Ya matsa. Abin da ya fi ƙona min rai, ina tafe ina kuka, zuciyata kuma tana son in waiwaya in ga ko yana bina.

Ban ɓoye ba. Ina isa gida na tarar da Baba ya dawo daga kasuwa, yana wanke jan rinin fata daga hannunsa a bakin rariya, Gwaggo tana tsince shinkafa. Na durƙusa na faɗa musu komai.

Gwaggo ta yi jifa da faranti. "Wa ya aike ki?! Sa'ida wa ya aike ki? Shekara da shekaru muna rufa wa kanmu asiri, ke saboda saurayi ya yi miki daɗin baki kin kwance mana zani a gabansa!"

"Gwaggo aure fa zai yi da ni. Ƙarya zan yi masa?"

"Ga gaskiyar nan ai kin gani! Gobe duk Kano ta san gidan Malam Isyaku baduku ne. Wa zai ƙara kallonki?"

Baba bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba. Ya goge hannunsa a hankali ya ce, "Gobe da safe a haɗa musu kayansu. Wanda bai riƙe magana ba ba zai riƙe min 'ya ba."

Ni da na shigo da niyyar in ce na fasa, sai na ji kamar an soka min wuƙa.

"Malam."

Duk muka waiwaya. Umma ce tsaye a ƙofar ɗakinta, ta yaye labule, hular da take ɗinkawa a hannunta da allura a jiki. Yau shekara huɗu ke nan rabon da ciwon ya tashi mata sosai, tana shan maganinta da kanta, tana zuwa ganin likita duk wata. Amma an saba, ko baƙi aka yi sai Gwaggo ta saki labulen nan.

"Koma ciki, ba komai," in ji Gwaggo.

"Na ji komai, Yaya. Kunnena lafiya lau." Ta dube ni. "Da gaske ta ce ni na danne shi?"

Na gyaɗa kai.

Umma ta daɗe tana kallon ƙasa. Na tsorata, na fara lissafin ko in ɗauko maganin. Sai ta ɗago.

"Kada a mayar da kayan tukuna. A kira min yarinyar."

"Ki gan ta ki ce mata me?" Baba ya tambaya.

"Ni aka rubuta, Malam. Ai ina da ta cewa."

Washegari da hantsi suka zo su uku: Abdulhakeem, da Zara, da babansu. Malam Ari, mahaifinsu, dattijo ne mai almajiran ilimi manya, mutumin da ake tashi tsaye in ya shigo masallaci. Ranar a soro ya cire takalminsa, ya ƙi hawa dardumar da Baba ya shimfiɗa, ya zauna a kan tabarma.

"Malam Isyaku, ban zo kare kowa ba. 'Ya'yana sun ci amana. Duk abin da ka yanke daidai ne."

Baba ya ce, "Ba ni zan yanke ba. Mai ɗakin ce ta ce a kira su."

A tsakar gida Umma ta zauna, ƙarƙashin gwandar, ta yafa mayafinta mai kyau. Zara ta durƙusa nesa, idonta ya kumbura. Abdulhakeem na bayanta. Ni ko inda yake ban kalla ba.

"Matso, 'yan mata. Ba na cizo."

Zara ta matso da rarrafe.

"Ke ce mai rubutun?"

"Umma ki yafe min..."

"Tsaya tukuna. Kin san sunansa?"

"Sunan wa, Umma?"

"Ɗan nawa."

Zara ta girgiza kai.

"Mikail. Babansa ya yi masa huɗuba da shi tun ranar da ya faɗo. Ba a kai ga faɗa wa jama'a ba." Muryarta ba ta rawa. "Shawara ce ta kama shi. Idonsa ya yi ɗorawa, muna ta jiƙe-jiƙe, kafin mu kai shi asibiti ta ci ƙarfinsa. A hannuna ya cika, idona biyu. Kwana shida ban runtsa ba, ina kallonsa. Ta yaya zan danne shi, ni da ban yi barci ba?"

Zara ta kifa kai a ƙasa ta fashe da kuka. Gwaggo ta juya baya tana share ido da bakin zani.

"Goyon tawul kuwa na yi, ba ƙarya kika yi ba. Bayana ne yake min sanyi. Ke ba ki haihu ba, ba za ki gane ba, Allah kuma kada ya nuna miki. Amma ki koma wurin waɗanda suka karanta ki ce musu kin yi min ƙazafi. Da sunanki na gaskiya."

"Zan yi, Umma. Wallahi yau zan yi. Na daina rubutun ma gaba ɗaya."

"Wannan ke ta shafa. Ni dai ki wanke ni."

Sai ta juya wajen Baba da ke tsaye a bakin soro.

"Malam, ka yi min komai, ban taɓa rasa magani ba, ba ka taɓa yi min gori ba. Amma na gaji da ɗakin nan. Na ji Yaya tana cewa ranar biki za a kai ni gidan Kawu a ce na yi tafiya."

Wannan ban sani ba. Na dubi Gwaggo, ta kawar da kai.

"Gwaggo da gaske ne?!"

"Don rufin asirinki ne, Sa'ida..."

"Asirina? Uwata ce abin kunyar? Wallahi in babu Umma a gidan nan ranar, babu inda za a kai ni!"

"Sa'ida," Baba ya kira sunana a hankali. Ya daɗe yana kallon Umma, kamar yau ya fara ganinta. "Babu inda za ki je," ya ce mata. "Gidanki ne. Ni ne na yi kuskure."

Umma ta gyaɗa kai. Ta nuna Abdulhakeem da yatsa. "Saura wannan. Shi kuma ba ni ya yi wa rantsuwa ba. Ku je soro."

Muka tsaya a soro, shi a wannan bango ni a wancan. Ya rame a kwana ɗaya.

"Ba ni da abin da zan ce, Sa'ida."

"Gara da ka sani."

"Jiya na zaunar da Hajiya na gaya mata da bakina, yadda ya kamata in yi tun farko. Tsoro ne ya sa na laɓe a bayan Zara. Na ce mata ko ta yarda ko ba ta yarda ba, ba zan ɓoye surukata ba."

"Me ta ce?"

"Ta yi min faɗan da tun ina yaro ba ta yi min irinsa ba. Ba don ciwon ba, don amanar. Ta ce za ta zo gaida Umma ranar Juma'a... in an bar ta."

Na ji hawaye na taruwa, na yi ta maza na danne.

"Ka san me ya fi min ciwo? Ranar da na gaya maka, na koma ɗaki na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Na ce yau na samu wanda zai taya ni ɗauka."

Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna girgiza. Ban taɓa ganin namiji babba yana kuka haka ba.

"Ban huce ba, Hakeem. Kada ka ga na tsaya ka ɗauka na huce."

"Na sani."

"Zan daɗe ban ƙara gaya maka sirrina ba."

"Zan jira. Ko shekara nawa ne, zan jira, hasken idona."

"Na ce kada ka..." Ban ƙarasa ba.

Da yammar ranar Zara ta saki saƙo da sunanta da na mahaifinta, ta ce labarin mutane ne na gaske ta ɗauka ba da izini ba, kuma maganar danne jariri ƙarya ce ta ƙirƙira. Wasu suka zage ta, wasu suka yaba, wasu suka yi ta naci sai an faɗa musu gidan. Waɗanda suka gane sun gane. Sati biyu ina jin ana rage murya in na wuce ta layinmu, na dinga ɗaga kai ina gaishe su da sunansu.

Ba a ɗaga bikin ba. Ranar yini gidanmu ya cika har soro. Umma ta zauna a tsakiyar tsakar gida cikin leshi ruwan hoda, hannunta da lalle, mahaifiyar Abdulhakeem ta aiko mata da turaren wuta irin na mutanen Borno har kwalba uku. Mata na shigowa suna durƙusawa, wasu shekara goma rabonsu da ita. Da hayaniyar ta yi mata yawa ta shiga ɗaki ta huta, ta sake fitowa da kanta.

Da aka zo tafiya da ni, aka kai ni gabanta don ta yi min faɗa. Na durƙusa na ɗora kaina a cinyarta. Gwaggo na ta cewa a yi sauri motoci na jira.

Umma ta sunkuyo daidai kunnena.

"Kin reni uwarki tun kina 'yar goma, Sa'ida. Ya isa haka. Je ki a rene ki."

Na ƙanƙame ta ina kuka kamar raina zai fita. Sai da ta sa hannu da kanta ta ɓamɓare yatsuna daga zaninta, ta kama ni ta miƙar, ta raka ni har bakin soro, ta leƙa waje a gaban duk jama'ar layin ta ce wa direban, "Malam, ka tuƙa min ita a hankali."